Fara Bai Wa Jariri Abinci Bayan Wata Shida: Bayani Ga Iyaye Da Shugabannin Al'umma

Duk wanda ya bi ta lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ko Darmanawa ko Unguwa Uku da sanyin safiya, zai ga yara riƙe da kofuna da kwanukan sha sun taru a ƙofar gidan mai koko. Daga cikin kokon da ake saye a wannan lokaci, akwai wanda za a tsinka da ruwa, a juye a filas, a ajiye wa jaririn gidan ana ba shi kaɗan-kaɗan har rana ta faɗi. Haka abin yake a birni, haka yake a karkara. A mafi yawan gidajenmu wannan koko shi ne abu na farko da yaro ke ɗanɗana bayan nonon uwarsa, saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a cikakken bayani a kansa, domin lafiyar yaro a shekarunsa biyu na farko ta rataya ne a kan yadda aka dama wannan koko, da yadda aka ajiye shi, da kuma yadda aka ba shi.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kano kuwa adadin ya haura rabi. Masana sun tabbatar da cewa yawancin wannan tsumburewa tana kama yaro ne tsakanin wata 6 zuwa wata 23, daidai lokacin da ake haɗa masa nono da abinci, kuma abin da yaro ya rasa a wannan tsakani na girman jiki da na ƙwaƙwalwa yana da wuyar ramawa daga baya. Babu mai musun cewa talauci da tsadar kayan masarufi suna da hannu a ciki. Amma jihar da ke da kasuwar hatsi ta Dawanau da kasuwar kayan gwari ta 'Yankaba ba za a ce babu abinci a cikinta ba. Sau da yawa abin da yaron ke bukata yana nan cikin tukunyar gidan, ba ya isa cikin kofinsa ne kawai.

Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi suna maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda aka kafa a shekarar 1988, ga kuma asibitin yara a kan titin gidan Zoo. Wannan gata ne da mutumin ƙauye ba shi da shi. To sai dai likita ba ya zama a kan tabarmar da ake ciyar da yaro. Abin da ke faruwa a kan wannan tabarma yana hannun uwa da kaka da 'yar raino, da kuma maigidan da ke ba da kuɗin cefane.

Yaushe ake farawa?

A da, ma'aikatan lafiya kan ce a fara ba yaro abinci tsakanin wata 4 zuwa 6. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake duba hujjojin da ke hannu, ta tsayar da shawara a kan cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6, sannan a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayar da shi har shekara 2 ko fiye. Wannan ita ce manufar da Nijeriya ke bi. Zancen shekara biyu kuwa ba baƙo ba ne a wurin al'ummarmu, domin malamai sun daɗe suna karantar da shi.

Nono zalla yana nufin ko ruwa ba a ba yaro. Mun san wannan magana tana yi wa iyaye mata nauyi, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafin Kano ke kai maki 40 a ma'auni. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta da babu rijiya ko jarkar ɗan garuwa da za ta ba da irinsa. Idan ana zafi, uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta kuma ƙara yawan shayarwa.

Idan yaro ya cika wata 6, za a ga alamun ya shirya: wuyansa ya tsaya, yana iya zama idan an tallafe shi, yana bin loma da ido, yana kai hannu baki, kuma ya daina turo duk abin da aka sa masa a baki da harshe. Farawa kafin nan yana jawo zawo, yana kuma rage nonon da yaro ke sha. Jinkirtawa ma yana da tasa illar, domin sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haifi yaro da shi yana ƙarewa ne a daidai wannan lokaci, kuma nono shi kaɗai ba ya cike gurbinsa. Yaron da aka bari sai wata 9 ko 10 bai ɗanɗana komai ba yakan yi fari fat saboda ƙarancin jini, sannan ya ƙi abincin idan an zo ba shi.

Koko mai ruwa-ruwa cika ciki ne kawai

Cikin jariri ɗan wata 8 bai wuce ya ɗauki kofi ɗaya mai cin mililita 250 ba. Idan aka cika wannan ɗan wuri da tsinkakken koko, wanda yawancinsa ruwa ne, yaro zai ƙoshi, ya yi barci, uwa ta ga ta sauke nauyi, alhali abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa, kuma ana yin sa ne da kyakkyawar niyya, wai don kada koko mai kauri ya tsaya wa yaro a wuya ko ya ƙulle masa ciki.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. A ɗebi kokon a cokali, a karkata shi. Idan ya zube nan take kamar ruwa, bai yi ba. Idan ya tsaya a cokalin, sai a hankali yake gangarowa, to ya yi daidai. Yaro ɗan wata 6 yana iya haɗiye abu mai wannan kauri ba tare da wata matsala ba, in dai a zaune yake kuma da cokali ake ba shi.

Bayan kauri sai abin da aka zuba a ciki. Gero da dawa da masara suna ba da kuzari, amma su kaɗai ba sa gina jiki yadda ake so. Ya kamata kowane kofi ya samu ƙarin wani abu: cokalin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko dafaffen ƙwai da aka murƙushe, ko garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka daka aka tankaɗe, ko ɗan manja ko man gyaɗa. Hanta, ko da ta kaza ce, tana cikin abubuwan da suka fi komai ƙara wa yaro jini. A dafa ta da kyau, a murje ta, a ba shi kaɗan sau ɗaya a mako. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ta nanata cewa yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu abin da ya fito daga dabba kullum, wato nama ko kifi ko ƙwai, tare da ganye da 'ya'yan itace. Mun san ba kowane gida ne zai iya yin haka kullum ba. Amma idan an samu tsokar nama guda a miya, al'adarmu ita ce a sa ta a kwanon maigida. A ganinmu yaron da ke rarrafe ya fi kowa a gidan bukatar ta.

Akwai kuma garin kunun da ake kira Tom Brown, wanda kowace uwa za ta iya haɗawa a gida. Ma'aunin da aka saba koyarwa shi ne gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. Ana tsince kowanne, a wanke, a shanya, a soya shi dabam a busasshen kasko. Waken suya ana jiƙa shi a cire masa ɓawo kafin a soya, kuma wajibi ne ya soyu sosai, domin ɗanyensa ba ya narkewa a ciki. Sai a haɗa a kai niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Idan za a dama, a bar shi ya dahu a kan wuta na wasu mintoci, ba a zuba ruwan zafi kawai a sauke ba.

Ba koko kaɗai ne abincin yaro ba. Dafaffiyar kabewa, da dankalin Hausa, musamman mai jan ciki, da faten wake da aka cire wa ƙona, da alale, da ayaba, da gwanda, da nunannen mangwaro, duk ana murƙushe su a ba shi tun daga wata 6. Zogale da alayyahu ana dafa su a murje a zuba a ciki. A wata 8 zuwa 9 a daina tacewa, a bar 'yan gudaji masu laushi domin ya koyi tauna, ko da haƙori bai fito ba, dadashi yana yin aikin. Idan ya cika shekara sai ya shiga abincin gida, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, amma a ɗebar masa kafin a zuba yaji da magi, kuma a kwanonsa shi kaɗai. Yaron da aka haɗa shi kwano da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce.

Dangane da yawa, a fara da babban cokali 2 zuwa 3, sau 2 ko 3 a rana, ana ƙarawa a hankali har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11 a ba shi rabin kofi sau 3 ko 4. Daga shekara 1 zuwa 2 kuwa, kashi uku cikin huɗu na kofi zuwa kofi guda, sau 3 ko 4, tare da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Duk wannan ƙari ne a kan nono, ba madadinsa ba.

Ɗura

Yanzu kuma sai al'adar da muka fi son jama'a su saurare mu a kanta. Kowa ya san yadda ake yi. Uwa ko kaka za ta zauna, ta kwantar da yaro a cinya, ta matse hannayensa da ƙafafunsa, ta tara tafin hannunta a bakinsa, ta riƙa zuba koko, ta toshe masa hanci da yatsa domin ya buɗe baki. Yaro na kuka, yana mutsu-mutsu, koko na shiga. Cikin ɗan lokaci kofi ya ƙare, a ɗaga shi a jijjiga, a ce ya ƙoshi.

Ba mu ce masu yin ɗura ba sa ƙaunar 'ya'yansu ba. Akasin haka ne: tsoron kada yaro ya kwana da yunwa ne ke sa su, ga aikin gida ya yi yawa, ga yaron ya ƙi karɓa. Kakar da ke yi ita ma haka aka yi mata, kuma za ta nuna maka 'ya'yanta da suka girma a kan ɗura. Waɗanda ba su girma ba, ba a lissafa su, domin ba a taɓa danganta rasuwarsu da ɗurar ba.

Ga abin da ke faruwa a jikin yaron. A cikin maƙogwaro akwai hanya biyu, ɗaya ta abinci mai zuwa ciki, ɗaya ta iska mai zuwa huhu. Duk lokacin da mutum zai haɗiye abu, numfashi yana tsayawa na ɗan lokaci, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska. Yaron da ke kuka kuwa hanyar iskarsa a buɗe take, kuma wanda aka toshe wa hanci ba shi da wata hanyar shaƙar iska sai bakin da aka cika da koko. Idan ya ja numfashi, kokon yake ja zuwa huhu. Idan mai yawa ne ya shiga, yaro na iya sanƙarewa nan take a cinyar mai ba shi. Idan kaɗan ne, sai ya yi tari ya lafa, kowa ya manta. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama su bayyana, wato ciwon huhu da ake kira nimoniya, a ce sanyi ne ya kama shi ko iska ce. Daɗin daɗawa, yaron da aka saba yi wa ɗura yana tsorata da ganin kofi, sai ya ƙara ƙin abinci, sai a ƙara matsa masa. Ba da magani ta hanyar toshe hanci ma haɗarinsa ɗaya ne.

Abin da ya kamata shi ne a zaunar da yaro a miƙe, a cinya ko a tabarma da abin jingina, mai ba shi tana fuskantarsa, tana yi masa magana da wasa. A ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Idan ya kau da kai ya rufe baki, a dakata, a sake gwadawa an jima. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji 8 ko 10 kafin yaro ya karɓe shi, saboda haka tofarwar farko ba ta nufin ba ya so. Kada a ba shi yana kuka, ko yana gyangyaɗi, ko yana kwance, ko yana goye a baya ana miƙa masa ta kafaɗa. Wannan hanya tana cin lokaci, mun sani. Shi ya sa ya zama wajibi sauran mutanen gida su rage wa uwa aiki a wannan ɗan lokaci. Idan kuwa yaro ya ƙi ci ya ƙi sha kwata-kwata, wannan alamar ciwo ce, asibiti ake kai shi, ba ɗura ake yi masa ba.

Abubuwan da ke maƙalewa

Hanyar iskar jariri ba ta wuce kaurin ƙaramin yatsansa ba. Ƙwayar gyaɗa guda ta isa ta toshe ta, kuma gyaɗa tana cikin abubuwan da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suka fi cirowa daga hanyar numfashin yara. Haka nan gurjiya, da aya, da gugguru, da alewa mai tauri, da ƙwallon dabino, da magarya, da kurna, da gutsuren ɗanyen karas, da ƙayar kifi. Kada a ba ƙaramin yaro ɗayansu a yadda yake, sai an daka ko an dafa an murje. Sau da yawa ba uwa ce ke ba shi ba, yayarsa ce 'yar shekara 5 da ke cin gyaɗa ta sammasa don ƙauna. A ja wa yara kunne a kan haka, kuma kada a bar jariri yana cin abu babu babba a kusa.

Ya kamata a bambanta abu biyu. Yaron da ke koyon ci yakan yi kakari, fuskarsa ta yi ja, ya yi tari, ya turo abincin waje. Wannan kariya ce da Allah Ya halicce shi da ita, muddin yana tari ko kuka iska na shiga, a bar shi ya fitar da kansa. Haɗarin yana wurin yaron da ya yi shiru, ba tari ba kuka, idanu sun firfito, leɓɓansa suna sauya launi. A wannan hali a kifa shi a kan hannu ko cinya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a tallafe haɓarsa, a bugi tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau 5. Idan abin bai fito ba, a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙashin ƙirjinsa, ƙasa kaɗan da layin nonuwansa, sau 5. A ci gaba da maimaita waɗannan biyun yayin da wani ke nemo abin hawa zuwa asibiti. Kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro, domin ana iya ƙara tura abin ciki. Kada a ba shi ruwa, kuma kada a matsa cikin yaron da bai cika shekara ba. Muna ba iyaye shawara su roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna musu wannan a aikace ranar awo, domin gani ya kori ji.

Filas, fida da zawon haƙori

Mu koma ga filas ɗin da muka ambata da farko. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da firji ba. Koko mai ɗumi-ɗumi, ba zafi ba sanyi, shi ne wurin da ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, wasunsu suna ninka yawansu duk bayan minti 20. Filas yana riƙe zafi da farko, amma da an buɗe shi sau biyu sau uku sai ya huce. Kokon da aka saya da ƙarfe bakwai na safe, zuwa la'asar ya zama abin tsoro ko da bai sauya ƙamshi ba. Kamu mai tsami yana da ɗan dama, domin tsaminsa na rage hayayyafar ƙwayoyin, amma da an zuba madara ko ƙwai ko kifi wannan dama ta ragu.

Ba mu manta da tsadar gawayi da gas ba. Dabarar ita ce a ajiye kamu ko gari, a dama wa yaro ɗan abin da zai shanye a duk lokacin da aka hura wutar girkin gida, safe da rana da dare. Idan dole ta sa an ajiye, a mayar da shi kan wuta ya tafasa, ba ɗumamawa kawai ba. Ragowar da yaro ya sa wa baki, babba ya shanye. A yi amfani da kofi da cokali, a guji fida, domin bakinta da lungunanta ba sa wankuwa, kuma ita ce ke tilasta a tsinka koko don ya bi ta huda. Ruwan da za a ba yaro a tafasa shi, na famfo ne ko na rijiya ko na 'yan garuwa. A wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida, da bayan wanke wa yaro kashi, da kafin girki, da kafin ba shi abinci. Hannun yaron ma a wanke, domin mai rarrafe a tsakar gidan da kaji ke yawo ba abin da ba ya dafawa.

Saboda fitar haƙori da fara cin abinci da fara rarrafe duk suna zuwa a lokaci guda, jama'a sun ɗora laifin zawo a kan haƙori. Haƙori yana sa yoyon miyau da ƙaiƙayin dadashi da rigima, amma ba ya sa zawo. Kiran sa zawon haƙori yana sa a zauna a gida ana jira haƙori ya fito, ko a tafi kyamis neman maganin haƙori. Masu tunawa za su tuna da abin da ya faru a ƙarshen shekarar 2008, lokacin da wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da guba mai lalata ƙoda, ya hallaka yara 84 a ƙasar nan, cikinsu har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya, har hukumar NAFDAC ta janye shi daga kasuwa. Maganin zawo shi ne ruwan gishiri da sukari na sacet, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da nono da abinci. Ba a hana mai zawo abinci. Idan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako 2 domin ya mayar da jikinsa. Tun shekarar 2022 an sanya rigakafin cutar rota, mai haddasa mummunan zawo, cikin rigakafin yara na yau da kullum, ana ɗiga shi a baki tun jariri na da mako 6.

Abin da za a hana, da abin da aka hana ba dalili

Zuma abu ne mai daraja a wurinmu, amma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, ko da lasa ce, ko a cikin koko. Tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke kashewa amma na jariri ba ya iyawa, gubarta tana shanye jiki har numfashi ya gagara. Kada a ba jariri kunun kanwa, kada a sa masa gishiri ko magi, domin ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. Lemon kwalba da sukari da biskit suna kashe masa sha'awar abinci. Fura da nonon talla ma a dakata da su, sai dai madarar da aka tafasa a gida ko kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara.

A kula da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Suna ɗauke da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda aka gano ta bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a shekarar 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Tana lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kashe ta. Abin takaici, gyaɗa mai kyau ita ake kai wa kasuwa, ragowar da ta yanƙwane ko ta sauya launi ita ake bari a gida. Wadda za a yi wa yaro gari da ita a tsince ta ɗaya bayan ɗaya.

Ƙwai kuwa an hana yara shi ne ba gaira ba dalili, wai yana koya musu sata. Babu abin da ya haɗa ƙwai da sata, a dafa shi dai ya dahu har gwaiduwa. Wasu kuma na jinkirta ƙwai da gyaɗa da kifi don tsoron borin jini. Wani bincike da aka yi a Landan a kan jarirai sama da 600, aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2015, ya nuna cewa fara ba su gyaɗa da wuri ya rage kamuwa da borin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin 100. A fara da kaɗan, da rana, abu ɗaya a lokaci guda. Idan aka ga kumburin fuska ko leɓe, ko ƙuraje sun feso, ko amai, ko numfashi na fita da kyar, a dakatar a garzaya asibiti.

Kira ga shugabanni

Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mazaɓu 10, ciki har da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, jihar baki ɗaya kuwa tana da 484 a ƙananan hukumomi 44. A kowace akwai dagaci ko mai unguwa, da kansila, da limamai, da ungozomomi. Muna roƙon su da kada su bar wannan bayani ga matan da ke zuwa awo kaɗai, domin yarinya mai haihuwar fari ba ta iya musa wa uwar mijinta a kan ɗura, ko a kan yaye na dare ɗaya da ake ɗauke yaro a kai shi gidan kaka saboda an samu kwanika. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro, yankewar nono farat ɗaya ita ke jefa shi cikin tamowa. Kakanni da magidanta su ne ya kamata a zauna da su, a taron suna, da makarantun Islamiyya na matan aure, da bayan sallar Juma'a. Inda hali ya yi, a kawo tukunya da cokali a dama a gaban jama'a su ga kaurin da idonsu.

Haka kuma a tunatar da iyaye su karɓi ɗigon bitamin A da ake fara bai wa yaro a wata 6 ana maimaitawa duk bayan wata 6, a asibitin sha-ka-tafi ko a Makon Lafiyar Mata da Ƙananan Yara, da allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15. Ma'aikatan lafiya suna da ɗan tef mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi daga wata 6. Idan ya nuna rawaya, yaro ya fara ramewa. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko aka ga ƙafafunsa biyu sun kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ranar awo. Katin awo kuma a riƙa zuwa da shi kowane wata, idan aka ga nauyin yaro ya tsaya wuri ɗaya wata biyu a jere, a zauna da ma'aikacin lafiya a faɗa masa dalla-dalla abin da yaron ya ci tun daga safiyar jiya.